Duron garin katako yana cika ban sani ba: taga zan yanka ko na'urar gargaɗi zan saya?

Tambaya: Ina da shagon kafinta, kuma na sa injin zuƙe ƙura irin mai mazurari, wanda garin katako ke zuba cikin duron ƙarfe da ke ƙarƙashinsa. Ba sau ɗaya ba duron ya cika ban ankara ba, sai na ga zuƙar ta yi rauni, in na buɗe na tarar garin ya hau har ya shiga matata. Wasu sun ce in yanka taga a jikin duron, wasu sun ce in sayi na'urar da ke yin gargaɗi. Wanne ya fi, kuma a cikin na'urorin wacce zan nema?

Amsa: Malam, kafin a zo kan abin da za ka saya, yana da kyau a fahimci dalilin da ya sa cikar duro ke yin ɓarna haka a injin mai mazurari, domin daga nan ne zaɓin zai fito. Iskar da ta kwaso gari tana shiga mazurarin ne ta gefe, tana juyawa da ƙarfi, nauyin garin ya jefa shi jikin bango ya gangara cikin duro, ita kuwa iskar ta hau ta tsakiya zuwa matata ɗauke da ƙura mai laushi kaɗan kawai. Da zarar duron ya cika har bakin mazurari, garin ba shi da wurin faɗawa, sai iska ta wuce da shi gaba ɗaya zuwa matata. Matatar nan kuwa takarda ce ko yadi mai ninki-ninki da aka yi don ƙura mai laushi, kuma fitar da ɓawon katako daga cikin ninkinta aiki ne mai cin lokaci wanda kan raunata ta, ga shi ita ce ɗaya daga cikin sassan injin masu tsada. Shi ya sa raguwar zuƙa da kake lura da ita ba gargaɗi ba ne, labarin ɓarnar da ta riga ta faru ne.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne duro ba ya cika da sauri iri ɗaya. Zarto da injin sanfefa suna iya yin kwanaki ba su cika shi ba, amma injin fere katako yana iya cika shi a zama guda. Ɗauki katako mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 30, ka fere milimita 3 daga fuska ɗaya: ka cire lita 1.8 na tsurar itace. Katako goma, fuska biyu-biyu, lita 36 ke nan, kuma da yake ɓawon da injin ke fitarwa yana nannaɗewa ya kumbura, ko ninki huɗu kawai ya yi ya kai lita 144. Babban duron da aka saba amfani da shi, mai galan 55 na ma'aunin Amurka, lita 208 yake ci. Idan ka fara aikin da duro rabi, kafin ka gama ya riga ya tumbatsa, alhali kai kana can gaban inji, kunnuwanka a toshe, idonka yana kan katako.

Taga ita ce hanya mafi sauƙi, kuma ba na raina ta. Ana yanka rami a kusa da saman duron ko a murfinsa, a rufe da roba mai ƙarfi da ake gani ta cikinta, a liƙe gefenta sosai. Matsalarta biyu ce. Ta farko, ƙura mai laushi tana manne wa robar saboda lantarkin da gogayya ke haifarwa, har ta dushe, sai an haska tocila kafin a gane ko gari ne ya kai wurin ko kuwa ƙura ce kawai ta lulluɓe ta. Ta biyu, wadda ta fi girma, taga ba ta kiran kowa. Sai wanda ya tuna ya je ya leƙa, kuma a daidai lokacin da duron ke cika da sauri ne mutum ya fi shagala. Ga mai ƙaramin shago wanda injin yake gefensa, kuma yawancin aikinsa yanka ne da sanfefa, taga ta wadatar. Ga wanda yake fere katako da yawa, ko wanda ya ajiye injin a wani ɗaki dabam don gudun ƙara, ba ta wadatar ba.

A cikin na'urori, wadda ta fi yawa a ƙananan shaguna ita ce mai aiki da hasken infrared, wato hasken da idon mutum ba ya gani. Iri biyu ce: akwai wadda ake ɗaurawa a murfi tana harba haske ƙasa, idan gari ya taso kusa hasken ya dawo mata sai ta kunna gargaɗi, akwai kuma mai ido biyu da ke fuskantar juna, idan gari ya tsaya a tsakaninsu ya katse hasken. Kamfanin Oneida Air Systems na Amurka yana sayar da irin ta murfi da sunan Dust Sentry, tare da fitila mai walƙiya, kuma masu hannu a aikin lantarki sukan haɗa tasu da irin idon lantarkin da ake amfani da shi a masana'antu. Raunin wannan iri shi ne ƙura na taruwa a idon, ta sa shi yin gargaɗin ƙarya, saboda haka sai an riƙa goge shi duk lokacin da aka zubar da duro. Ka nemi wadda ake iya daidaita nisan da take gani, ko wadda ke jinkirta gargaɗi na 'yan daƙiƙu, domin garin da ke shawagi lokacin aiki kada ya riƙa tayar da ita.

Akwai kuma mai filafili, wadda manyan rumbunan masana'antu suka daɗe da amfani da ita: ƙaramin injin lantarki yana juya filafili a hankali a cikin duron, idan gari ya kai shi ya hana shi juyawa, sai makunni ya kunna gargaɗi. Ƙura ba ta makantar da ita, wannan kuwa babbar fa'ida ce, sai dai ɓawo mai sauƙin nauyi wani lokaci ba ya iya tsayar da filafilin da wuri, ga kuma sandarta da ke shiga cikin duro tana kawo cikas wajen cire murfi. Ma'aunin nauyi a ƙarƙashin duro kuwa ba na ba da shawararsa, domin duro cike da ɓawon itace mai taushi yana iya fin duro rabi na garin itace mai tauri rashin nauyi, kuma danshin katako ma yana sauya lissafin.

Shawarata gare ka, tunda injinka mai mazurari ne kuma cikar tana zuwa maka ba zato, ka sayi ta infrared mai fitila, ka kafa fitilar a inda idonka zai kama ta daga gaban injin fere, ba a jikin duron ba. Fitila ta fi ƙararrawa amfani a shago, domin mai aikin da ya toshe kunnuwansa yadda ya kamata ba zai ji ƙararrawa ba. Ka saita na'urar ta kunna tun duron yana kusan kashi uku cikin huɗu, saboda gari ba ya kwanciya a baje, yakan taru ya yi tudu, kuma kana buƙatar sararin da za ka ƙarasa katakon da ke cikin inji. Duron da bai cika maƙil ba ma ya fi sauƙin ja da juyewa.

Ko taga ka yanka ko na'ura ka ɗaura, duk ramin da ka huda dole ka toshe gefensa har iska ba ta samun hanya. Cikin duron yana ƙarƙashin zuƙa ne, kuma ƙaramar kafa a murfi tana jawo iska daga waje ta hau mazurarin, ta ɗaga ƙurar da ya kamata ta faɗo, ta kai ta matata ko da duron babu komai a cikinsa.

Tambaya: Na ga ana sayar da agogon auna matsin iska da ake ɗaurawa kusa da matata. Idan na saya, zai nuna mini cikar duro?

Amsa: A'a, aikinsa dabam ne. Agogon yana auna yadda iska ke wahalar ratsa matata, don haka yana gaya maka lokacin da ya kamata a kakkaɓe ta ko a sauya ta. Allurarsa ba za ta motsa saboda duro ba sai bayan gari ya riga ya tsallaka. Abu ne mai kyau a samu, amma bayan na'urar duro, ba a madadinta ba.

Tambaya: Injina mai buhu biyu ne, na sama na yadi, na ƙasa na leda da ake gani ta cikinta. Ina buƙatar wata na'ura? Kuma laifi ne in bar garin ya kwana har ya cika?

Amsa: Ba ka buƙatar komai, ledar ita ce tagarka, kuma babu tagar da ta kai ta faɗi. Ka ja layi da alƙalami mai kauri a inda ya kai kashi biyu cikin uku, ka zubar idan gari ya taɓa shi, domin idan ya matso kusa da zoben ƙarfen da ke tsakanin buhunan biyu, iska tana sake tayar da shi zuwa buhun sama.

Batun kwana kuwa ya fi muhimmanci a irin injinka. A mai buhu, duk abin da aka zuƙo sai ya ratsa fanka kafin ya faɗa leda, kuma ƙusa ko sukuru da ya bugi fankar ƙarfe yana iya fitar da tartsatsi ya faɗa cikin gari, ya yi ta ci a ɓoye na sa'o'i kafin wuta ta bayyana, sau da yawa bayan an rufe shago. Idan ka zuƙi sharar ƙasa ko ka yi aiki da tsohon katako mai ƙusoshi, ka zubar a ranar ko da bai kai layin ba. Lokacin zubarwa ka kashe injin, ka jira ƙura ta kwanta, ka sa takunkumin da aka yi don ƙura mai laushi, domin tun shekarar 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum ciwon daji, musamman na cikin hanci. Ka ɗaure bakin ledar tun kafin ka janye ta daga ƙarƙashin injin, ka fitar da ita waje nesa da inda ake aikin walda ko wuta.