Ga mai tambayar ta inda ake fara karanta taswirar taurarin haihuwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kin saka ranar haihuwarki a wata manhaja ta waya, ta fito miki da zagaye cike da alamomi da layuka ja da shuɗi, kina son sanin ta inda mai koyo zai fara, kuma da kika gwada manhaja ta biyu sai ta ba ki wani buruji, wato ɗaya daga cikin kashi goma sha biyu da aka raba hanyar Rana a sama, daban da na farko. Na daɗe ina bibiyar wannan fanni, a littattafan Larabci na masu hisabi da kuma na Turawa, kuma abin da nake so ki riƙe tun farko shi ne cewa abubuwa biyu ne aka haɗa a cikin wannan zagaye. Na ɗaya lissafi ne na inda Rana da Wata da sauran taurari suke a sama lokacin da aka haife ki, wanda ana iya tabbatar da shi da ido. Na biyu fassara ce da mutane suka ɗora a kan lissafin tun zamanin Babila, inda aka tono taswirar haihuwa mafi daɗewa da aka sani, ta shekarar 410 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Mafi yawan masu koyo fassarar suke rugawa, su haddace jimlolin da manhaja ta jero musu, alhali ba su san gabas da yamma a jikin zagayen ba. Ki fara da lissafin.

Lissafin kuwa ba ya tsayuwa sai da abubuwa uku: kwanan wata, sa'a, da garin haihuwa. A nan ne mu muke da aiki fiye da Bature da ke da takardar asibiti mai ɗauke da minti. Da yawa daga cikinmu a gida aka haife mu a hannun ungozoma, kwanan watan da ke takardunmu kuma na shiga makaranta ne ko na rantsuwar shekaru a kotu, shi ya sa 1 ga Janairu ta yi yawa a katunan shaida. Idan kwanan watan ƙirƙira kika saka, duk abin da ya fito taswirar wani ce, ba taki ba. Ki zauna da mahaifiyarki ko gwaggonki ki tambaye su da irin maganar da suke tunawa da ita. Ba za su ce miki ƙarfe shida da minti goma ba, amma za su ce an haife ki ana fitowa daga sallar asuba, ko da hantsi, ko tsakanin magariba da isha'i, kwana kaza ga watan Azumi, a shekarar da wane ya tafi Makka. Ki lura sosai idan aka ce daren Juma'a, domin a lissafinmu dare ne ke gaban yini, wato daren Alhamis ne wayewar Juma'a, kuma na sha ganin masu koyo sun saka Juma'a da dare a manhaja, sun zame da kwana guda cur. Sunan rana ma shaida ne: idan ana kiranki Talatu ko Jummai ko Asabe, sai ki duba ko kwanan watan da kika juya daga Hijira zuwa Miladiyya ya faɗa a wannan ranar.

Dalilin wannan tsanantawa shi ne cewa sama tana juyawa digiri ɗaya a duk minti 4, saboda haka burujin da ke hudowa a gabas, wanda masu hisabi ke kira ɗali'i, yana sauyawa kusan duk sa'o'i 2. Garin ma haka ne. Maiduguri da Sakkwato agogonsu ɗaya, amma kowa ya san mutanen Maiduguri na riga na Sakkwato shan ruwa da kusan rabin sa'a, kuma wannan tazarar ta isa ta sauya ɗali'i idan yana bakin iyakar buruji. Nijeriya da Nijar ba sa ja da agogo gaba ko baya, amma wanda aka haifa a Sudan ya binciki agogon shekararsa, domin an ƙara masa sa'a ɗaya a 2000, aka mayar da shi yadda yake a 2017.

Idan kin sami waɗannan, sai ki koma kan zagayen. Hagu shi ne gabas, dama yamma, layin da ya ratsa tsakiya daga hagu zuwa dama kuma shi ne inda sama ta haɗu da ƙasa. Duk abin da ke bisa layin yana sararin sama a lokacin haihuwarki, abin da ke ƙarƙashinsa kuma ya faɗi ko bai fito ba tukuna. Ki nemi alamar Rana, ɗan zagaye mai ɗigo a tsakiya. Idan da fitowar rana aka haife ki, za ki gan ta a hagu a kan layin. Idan da zawali ne tana can bisa. Idan da magariba ne tana dama. Idan tsakar dare ne tana ƙasa. Wannan gwaji ne da nake sa kowane mai koyo ya yi kafin komai, domin idan inna ta ce da hantsi ne, manhaja kuma ta ajiye Rana a ƙarƙashin layi, to an saka ƙarfe tara na dare a madadin na safe. Daga nan ki duba Wata. Mu da muke ƙirga kwanaki da ganin wata mun riga mun san rabin wannan darasi: a farkon wata yana dab da Rana, wajen kwana 7 ya yi mata tazarar digiri 90, a daren 14 ko 15 kuma yana fuskantarta daga ɗaya gefen zagayen.

Bayan haka sai ki koyi kayan aikin a jere, ba a lokaci ɗaya ba. Ki fara da taurari bakwai da magabata suka yi aiki da su: Rana, Wata, Uɗaridu (Mercury), Zuhura (Venus) wadda muke kira Zara matar wata, Mirriku (Mars), Mushtari (Jupiter) da Zuhalu (Saturn). Ukun nan da manhaja ke ƙarawa, Uranus da Neptune da Pluto, ba a san da su ba sai bayan zuwan madubin hangen nesa, an gano su a 1781 da 1846 da 1930, saboda haka ki jinkirta su. Sanin saurin kowanne ya fi haddace ma'anarsa amfani a farko. Wata yana tafiyar kusan digiri 13 a kwana, yana sauya buruji duk kwana biyu da rabi. Rana tana yin kusan digiri ɗaya a kwana. Mushtari yana zagaye burujai duka a shekara 12, Zuhalu kuma a shekara 29 da rabi, abin da ke nufin ke da 'yan ajinku na firamare kusan duk Zuhalunku a buruji ɗaya yake ko maƙwabcinsa. Uɗaridu ba ya nisa da Rana fiye da digiri 28, Zuhura kuma ba ta wuce 48, shi ya sa ba a ganin Zara sai da almuru ko da asuba.

Burujai 12 ne, kowanne digiri 30, kuma sunayensu na Larabci sun fi mana sauƙin riƙewa: Hamal rago, Saur bijimi, Jauza tagwaye, Saraɗan ƙaguwa, Asad zaki, Sumbula zangarniya, Mizan ma'auni, Aƙrab kunama, Ƙaus baka, Jadyu ɗan akuya, Dalwu guga, Hut kifi. Hamal shi ne wanda manhajarki ta rubuta Aries, sauran kuma suna bin sa a wannan jeri. An raba su ga ɗabi'u huɗu, wuta da ƙasa da iska da ruwa, bi da bi, sannan kowane buruji yana da tauraron da ake cewa shi ne uban gidansa: Rana ta Asad, Wata na Saraɗan, Uɗaridu na Jauza da Sumbula, Zuhura ta Saur da Mizan, Mirriku na Hamal da Aƙrab, Mushtari na Ƙaus da Hut, Zuhalu na Jadyu da Dalwu. Wannan jerin ki rubuta shi da hannunki ki haddace, domin da shi ake ɗinke taswira.

Gidaje su ma 12 ne, ana ƙirga su daga ɗali'i a gangara ƙasa, saɓanin tafiyar hannun agogo. Na ɗaya na jiki da kamanni ne, na biyu dukiya, na uku 'yan'uwa, na huɗu iyaye da gida, na biyar 'ya'ya, na shida cuta da hidima, na bakwai aure da abokin hulɗa, na takwas mutuwa da gado, na tara tafiya mai nisa da ilimi da addini, na goma muƙami, na sha ɗaya abokai, na sha biyu maƙiya da tsarewa. Layukan ja da shuɗi kuwa tazarar da ke tsakanin taurari ce, iri biyar da Baɗlamus ya tsara a Iskandariya a ƙarni na 2: haɗuwa, tasdisi na digiri 60, tarbi'i na 90, taslisi na 120, da muƙabala ta 180. Masu fannin suna ɗaukar tasdisi da taslisi a matsayin sauƙi, tarbi'i da muƙabala a matsayin takura.

Ga yadda ake haɗa su. A ce an haifi yarinya a Kano ranar 10 ga Afrilu da fitowar rana, kuma ya dace da tsakiyar watan Hijira. Rana tana wajen digiri 20 na Hamal, tunda kuma tana hudowa ne, ɗali'i ma Hamal ne. Wata cikakke yana Mizan a gida na bakwai, yana shirin faɗuwa a yamma, kamar yadda duk mai fitowa masallaci da asuba a tsakiyar wata yake ganinsa. Uban gidan Hamal Mirriku ne, saboda haka mai karatu zai nemi inda Mirriku yake, wane buruji, wane gida, da wa yake tarbi'i ko taslisi, daga nan ya bi uban gidan Mizan, wato Zuhura. Haka ake karanta taswira, ana bin zare daga wannan zuwa wancan.

Wannan misali ne kuma zai amsa miki tambayarki ta biyu. Turawa suna fara ƙirga Hamal daga inda Rana take ranar da dare da yini suka daidaita, wajen 20 ko 21 ga Maris, 'yan Indiya kuma suna ƙirgawa daga taurarin da ke kafe. Wurin daidaituwar yana ja da baya digiri ɗaya a kusan duk shekara 72, har tazarar tsarin biyu ta kai kimanin digiri 24 a yau. Yarinyar nan da Ranarta ke digiri 20 na Hamal a tsarin Turawa, a na Indiya tana digiri 26 na Hut. Idan kuma gidaje ne suka bambanta, to tsarin rabon gida ne ba ɗaya ba: yawancin manhajoji suna bin na Placidus, wani malamin coci na Italiya a ƙarni na 17, mai koyo kuwa ya fi samun sauƙi da tsohon tsarin da ke ba kowane gida buruji guda cikakke. Ki zaɓi ɗaya ki zauna a kansa har ki iya.

Saura fassara, kuma ba zan ɓoye miki ra'ayina ba. Wannan saɓani da kika gani da idonki, inda mutum ɗaya yake rago a wannan tsari kuma kifi a wancan, kowane ɓangare yana rantsuwa cewa bayaninsa ya dace da halin mutumin, ya isa ya sa ki tsaya ki yi tunani. A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa bayani iri ɗaya tak, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai, suka ba shi maki kusan 4.3 cikin 5 wajen dacewa. A 1985 kuma mujallar Nature ta buga gwajin Shawn Carlson, inda aka ba gogaggun masu duban taurari taswira su zaɓi bayanin halin mai ita cikin uku, suka dace kusan sau ɗaya cikin uku, daidai da mai cankewa. Iyakar abin da ni na samu a fassarar shi ne tarihin tunanin mutane, yadda ya ratso Babila da Iskandariya da Bagadaza ta zamanin Abu Ma'ashar, har ya kai ga malamanmu irin su Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu a kan hisabi da taurari ya rasu a Alƙahira a 1741. Wannan tarihi ya cancanci karatu.

Ta fuskar addini malamai sun raba abin biyu tun da daɗewa. Ilimin tafiyar taurari, wanda ake gane alƙibla da lokutan salla da shigowar damina da shi, irin wanda manomi ke yi idan yana lura da Kaza da 'Ya'yanta, ba su hana ba. Ilimin tasiri kuwa, wato ɗaukar cewa tauraro ne ke kawo arziki ko cuta ko yake bayyana gaibu, sun haramta, kuma hadisin Hudaibiyya da ke cikin Buhari da Muslim, a kan masu cewa an yi mana ruwa saboda tauraro kaza, ya fito da maganar fili. Ki nemi malamin da kika yarda da iliminsa ya yi miki bayanin iyakar kafin ki zurfafa. Ina roƙonki kuma da abu ɗaya, domin na ga ɓarnarsa: kada ki buɗe taswirar ƙawa ko ta mai neman aurenki ki yanke hukunci a kanta. Na san yarinyar da ta kwana tana kuka don an gaya mata Zuhalu yana gidanta na bakwai, alhali kusan mutum ɗaya cikin kowane goma sha biyu haka tasa take, da masu zaman lafiya a gidan aurensu da waɗanda ba su samu ba. Idan kin tabbatar da sa'ar haihuwarki daga wajen inna, ki dawo nan ki faɗi inda kika ga Rana da Wata a zagayen, mu duba tare ko lissafin ya yi daidai.