Amsa ga mai tambayar tafiya da iyali gaba ɗaya

Salam ɗan uwa, naga tambayarka, kace kana tunanin sayar da shagonka ka kwashi madam da yara ku tafi waje ku fara sabuwar rayuwa, har ka kawo misalin Andrew Carnegie wai shima da hannu biyu ya shiga Amurka ya zama attajiri. To ni nan Scotland, ƙasar da ya fito, nake zaune da iyalina, kuma naje Dunfermline naga gidan da aka haife shi a 1835, yanzu gidan tarihi ne. Ɗan ƙaramin gida ne wallahi, kayan saƙar uban a ƙasa, su kuma a ɗaki ɗaya a sama, nan girki nan kwana.

Abinda masu bada labarin nan suke tsallakewa shine uban, William. Masaƙi ne gwani, har ya taɓa mallakar kayan saƙa huɗu, sai masaƙu masu inji suka shigo garin sana'ar hannu ta mutu. A 1848 sukayi gwanjon kayan, kuɗin ko na jirgi basu kai ba, sai da wata ƙawar matarsa ta ranta musu fam 20. Wajen sati bakwai sukayi a teku daga Glasgow zuwa New York, sannan suka ƙara wasu satittikan kafin su isa Allegheny kusa da Pittsburgh. Kuma ba a duhu suka tafi ba fa, 'yan uwan matar mata biyu sun riga su zuwa can, su suka basu ɗakunan da suka sauka.

To da suka isa me ya faru? William ya koma saƙarsa, yana saƙa mayafin tebur yana bi gida gida yana talla, ba kasuwa. Dole ya shiga masaƙar auduga aikin lebura, mutumin da a garinsu shi ke da yara a ƙarƙashinsa. Ya rasu a 1855 bai ga komai na arzikin da ake labari ba. Wadda ta riƙe gidan ita ce uwar, Margaret, ɗinkin takalma take har dare tana samun dala 4 a sati, shi kuma Andrew yana ɗan shekara 12 zuwa 13 aka sa shi canza kwarkwaro a masaƙa kan dala 1 da santi 20 a sati, tun asuba har dare. Daga nan ya zama masinjan tangaraho, a 1853 Thomas Scott na kamfanin jirgin ƙasan Pennsylvania ya ɗauke shi kan dala 35 a wata. Ko hannun jarin farko da ya saya na kamfanin aika kaya Adams Express, dala 500, gidansu uwar ta jinginar. Sauran ka sani, ya kafa kamfanin ƙarfe, ya sayar da shi a 1901 kan dala miliyan 480, ya gina ɗakunan karatu sama da 2,500. Shima fa ba waliyyi bane, ka duba yajin aikin 1892 a masana'antar ƙarfensa ta Homestead kaga yadda aka zubar da jinin ma'aikata.

Kaga kenan in zaka sa kanka a labarin nan ba Andrew bane kai, William ne, kai ne mai sana'a da shekaru da girman kai na maigida. Ni da nazo da takarduna nake taƙama, ƙarshe aikin dare na samu a wani sito ina jera kwalaye, yatsu su ƙage da sanyi ko zip ɗin riga baka iya ja. Madam ce ta fara yin meat pie da dambun nama tana kaiwa 'yan uwa ranar Juma'a bayan masallaci, da shi muka riƙa cike kuɗin haya da na wuta, kuma shi ne yau ya zama ɗan abinda muke kira business ɗinmu. Yaran kuwa cikin 'yan watanni sun kama turancin nan nasu mai wuyar ji, ni har yau in direban bas yayi magana sai na kalli babbar 'yata.

Ni dai a nawa ganin kar ka sayar da shagon yanzu, ka barwa ƙaninka ko wani amintacce ya riƙe. Ka zauna da madam ku yi magana ta gaskiya, shin ta yarda ta fita aiki ko ta kama sana'a, dan ba ƙaramin abu bane wannan a gidajenmu. Sannan waye naka a garin da zai baku ɗaki koda na wata biyu ne? Su Carnegie a zamaninsu ba ruwansu da biza, kai kuwa sai ka duba takardar da zasu baka ko ta yarda kayi kasuwanci da kanka ko aikin albashi kawai, dan bizar karatu ta nan Birtaniya bata yarda ka buɗe sana'ar kanka ba. Ka faɗa mana ƙasar da kake nufi da irin bizar, akwai mazauna Kanada a nan dandalin, zasu fi ni sanin nasu tsarin.