Iyaye ba sa zuwa taron makaranta

Malam, ka tambayi yadda za ka sa iyaye su riƙa zuwa taro, tunda takardar da kake ba yara ba ta kawo kowa. Ka daina dogaro da takardar kaɗai. Yawanci a ƙasan jaka take kwana har ta yage, ko ta faɗa hannun wanda ba ya karatun boko. Ka tura saƙon murya da Hausa, kada ya wuce minti 1, a rukunin WhatsApp na kowane aji, saura mako guda, ka maimaita ana gobe taron. Ka faɗi rana, lokaci da abin da za a tattauna. Masu ƙaramar waya malamin aji ya kira su, liman kuma ya sanar bayan sallar magariba. Ka kauce wa ranar kasuwa.

Amma fa duk wannan ba zai yi aiki ba idan iyaye sun saba ba a nemansu sai don kuɗi ko laifin yaro, domin da sun ga lambar makaranta za su ƙi ɗagawa. Kowane malami ya kira gida 3 a mako ya faɗi abin kirki, ko da cewa yarinyarsu ta fara haɗa baƙi ne.