Ina ruwan zuciya da kumburin ƙafar mai jego?

Malam, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Ka ce wata 2 da haihuwa ƙafafunta suka kumbura, tana haki, lokotoro ya ce zuciya ce, kai kuma ka rasa abin da ya haɗa zuciya da ƙafa. Hanyar jini ce ta haɗa su.

Jinin babban mutum kusan lita 5 ne, kuma cikin kamar minti 1 yake gama zagaye jiki ko mutum na zaune. Zuciya ɗaki 4 gare ta. Ɓangaren dama ke karɓar jinin da ya dawo daga jiki ya tura shi huhu ya ɗauko iska, na hagu ya karɓa ya harba shi ko'ina. Gangarawa ƙafa ba wuya, hawowar ce aiki: naman sha-raɓa ke matso shi sama in ana tafiya, ƴan ƙofofi cikin jijiyoyi su hana shi komawa.

Ciki yana ƙara wa mace jini kusan rabin wanda take da shi, kuma a wasu matan naman zuciya yakan yi rauni a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa. In zuciya ta kasa kwashe abin da ke zuwa mata, jini ya taru a baya, ruwansa ya tsattsafo cikin nama. In ɓangaren dama na zuciya ne ya kasa, ƙafafu su kumbura. In na hagu ne, ruwa ya shiga huhu, shi ne hakin da tarin dare, har ta gwammace barci a zaune. Ƙoda kuma, da ta ji jini ya rage zuwa, sai ta riƙe gishiri da ruwa, kaya ya ƙaru.

Nan ne nake roƙonka: a dakatar da kunun kanwa. Na san iyaye mata a Maradi ba za su so jin haka ba, amma sinadarin da ke cikin gishiri yana riƙe ruwa, shi ne cikin kanwa. A rage gishiri da Maggi. Kada a saya mata diclofenac ko ibuprofen wurin masu talla, su ma suna riƙe ruwa.

Danna babban yatsa a ƙwaurinta, ka ƙirga 10, ka ɗaga. In rami ya zauna, ruwa ne. In da sikeli, a auna ta kowace safiya. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ba ƙiba ba ce, a koma likita. Maganin fitsari irin Lasilix yana sauke kumburi, amma kada ta yanke sauran magungunan don ƙafa ta saɓe.

Ƙafa ɗaya kaɗai ta kumbura tana ciwo, ko haki tana zaune, ko ciwon kai da gani dishi-dishi, ko tansiyo, wato awon hawan jini, ya kai 16/11 (160/110): wannan ba ya jiran safiya.

Maganar wani ciki kuwa, sai an sake hoton zuciya lokotoro ya ce ta farfaɗo.