Kawu, hasken arewa ba kullum muke ganinsa ba

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka ce yara sun nuna maka hotunan sama ta yi ja da kore, ƴan zaman majalisa a Birni kuma suna gardama ko mu na Turai haka muke kwana muna kallo. Ba haka ba ne. Mu da ke Dunkerque, bakin teku a arewacin Faransa, sai shekaru su wuce ba mu gani ba.

Daga rana abin yake tasowa. Wani lokaci takan watso tarin ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, su yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya. In sun iso, maganaɗisun duniya ya karkatar da su wajen ƙuryar arewa da ta kudu, su bugi iskar da ke can sama, ta yi haske. Shi ya sa mutanen Tromso a Norwe, da ke wajen digiri 69 arewa da layin da ya raba duniya biyu, suke ganinsa a kai a kai lokacin sanyi. Mu muna digiri 51, ku a Damagaram ba ku cika 14 ba. Masana na kiran wannan guguwar maganaɗisu, suna auna ƙarfinta da ma'aunin Kp, daga 0 zuwa 9, kuma mu sai ya kai 7 ko ya wuce muke sa rai. Ko a lokacin, galibi saman hasken kawai muke hangowa can ƙasa-ƙasa a arewa, shi ne ja, don iskar oksijin da ke sama da kilomita 200 ja take bayarwa, koren yana ƙasa da nan. Da ido kamar jan da ake hangowa ne in an sa wa daji wuta can nesa. Waya ce ke tara haske na daƙiƙoƙi ta fito da launin da ya ruɗa ƴan majalisarku.

Zama bakin teku ya taimake mu, don in ka fuskanci arewa ruwa ne shimfiɗe, babu gini babu tudu. Amma tekun nan shi ke jawo mana gajimare, ga fitilun tashar jiragen ruwa, sai mun fita gari wajen tudun rairayi. A watan Yuni kuwa duhu ba ya kammala, abin da ke wahalar da mu ko wajen tsayar da lokacin isha'i da asuba.

Daren 10 ga Mayu 2024 ne ya sauya mana hali. Guguwar ta kai Kp 9, rabon da a ga irinta tun 2003, aka ga hasken har kudancin Faransa, ya kuma dawo ranar 10 ga Oktoba. Tun daga nan zaurenmu na WhatsApp, wanda aka buɗe don sanarwar suna da rasuwa da karo-karo, ya samu sabon aiki. Ɗalibai ne ke duba hasashen hukumar NOAA mai kula da yanayi ta Amurka, masu aikin dare su leƙa sama su faɗa ko akwai gajimare, mai mota ya kwashi maƙwabta, a tafi da shayi da barguna. Dattawanmu da farko sun tsorata, wani ya tambaya ko a yi sallar husufi. Liman ya ce ba rana aka kama ba, ba wata ba, a yi tasbihi a kalli ikon Allah. Abin da ya fi daɗaɗa mini rai shi ne yaranmu haifaffun nan, da suka koyi bayanin a makaranta, suna ƙoƙarin mayar wa iyayensu da Hausa. Ba ko yaushe muke samun abin da zai sa su dage da harshen haka ba.

Yawan watsin ƙwayoyin nan da rana ke yi yana hawa da sauka duk wajen shekara 11, kuma a Oktoba 2024 NASA da NOAA suka sanar cewa wannan zagayen ya kai ƙololuwa, saboda haka damarmu za ta riƙa raguwa. In wani cikin yara ya dage sai ya gani, kada ya ɓata kuɗinsa ya nufo wajenmu. Ya nufi arewacin Norwe ko Finlan tsakanin Satumba da Maris, ya zaɓi lokacin da babu farin wata, ya kuma ware kwanaki da yawa saboda gajimare.