Likita ya ce a ɓoye, ni ban yarda ba

'Yar'uwa, kin ce dangin wani dattijo a asibitinku nan Kumasi sun roƙi likita kar a faɗa masa yana da ciwon daji (kansa), likita ya yarda, ke nas hankalinki bai kwanta ba. Wallahi ina bayanki, don Patient's Charter (kundin haƙƙoƙin marasa lafiya) na Ghana Health Service (hukumar kula da lafiya ta Ghana) ya ba mara lafiya haƙƙin sanin ciwonsa, ba danginsa ba. Amma don Allah kar ki yi musu da likita a gaban gado, ki same shi a ofis ku yi magana, in ya ƙi ki kai wa shugabar nas-nas ta ɗakin, kuma ki rubuta a foldar mara lafiyar. Ku tambayi Baba da kansa ko yana son a faɗa masa, wasu tsofaffin sai su ce a faɗa wa babban ɗansu.