Filin Tambaya da Amsa: Na Haddace Jawabina Tsaf, Amma Bakina Ya Ƙulle a Gaban Aji

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu a wata kwaleji a nan Zariya, kuma a wannan zangon karatu muna da kwas na koyon jawabi a gaban jama'a, inda kowane ɗalibi zai tsaya ya yi magana ta minti biyar da Turanci a ba shi maki. Kwana uku na yi ina haddace nawa har ba na tuntuɓe ko a kalma ɗaya, amma da na tsaya sai bakina ya bushe, gwiwoyina suka kama rawa, na manta layi na uku, daga nan komai ya ɓace mini. Malamin ya kuma rage mini maki wai na sunkuyar da kai ban dubi kowa ba, alhali ni haka aka rene ni. Saura mako uku a yi zagaye na biyu. Shin baiwa ce Allah bai ba ni ba, ko akwai abin da zan iya yi? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin mu zo kan tsoro da kunya, bari in fara da abin da kike ganin shi ne ƙoƙarinki, domin a ganina shi ne ya kayar da ke, wato haddar nan ta kwana uku. Mu da muka tashi a makarantar allo da Islamiyya mun saba da cewa wanda ya san karatu shi ne wanda ya kawo shi da ka, kuma a can haka ya dace, saboda nassi ne wanda ba a sauya masa ko wasali ɗaya, sannan idan mai karatu ya kakare akwai wanda zai ɗora shi a kan hanya. Jawabi ba haka yake ba. Wanda ya haddace jawabi kalma bayan kalma ya ƙulla wa kansa sarƙa ce, kowace kalma tana riƙe da wadda ke bin ta, saboda haka idan zobe ɗaya ya ɓalle sauran duka za su zube, kuma babu wani a ajin da ya san abin da ke gaba balle ya tuna masa. Ki lura, idan kin dawo daga kasuwar Sabon Gari kina ba mahaifiyarki labarin yadda ciniki ya kasance, ba ki taɓa manta layi na uku ba, domin babu layi. Abin da ya faru kike riƙe da shi, kalmomin kuwa suna zuwa da kansu.

Don haka a wannan karon ki riƙe ma'ana, ki saki kalmomi. Ki fara da rubuta, a jimla ɗaya tak, abin da kike so ajin ya tafi da shi, kuma idan jimlar ta ƙi rubutuwa to batun ne bai nuna a kanki ba tukuna. Daga nan ki kasa shi gaɓa uku, kowace gaɓa da misalinta ɗaya wanda kika sani da idonki, ki rubuta kawunan gaɓoɓin kawai a ƙaramar takarda da za ta shiga tafin hannu. Abin da na yarda ki haddace shi ne jimlar buɗewa da jimlar rufewa, saboda a waɗannan wurare biyu ne mutum ya fi yawan daburcewa. Minti biyar kuma ba wani dogon lokaci ba ne: a saurin magana na hankali bai wuce kalma ɗari shida zuwa ɗari bakwai ba, kuma ɗalibai da yawa suna zuwa da abin da zai ci minti goma, sai su kama gudu kamar ana korarsu, numfashi ya ƙare, murya ta shaƙe.

Wata dabara da nake ba ɗalibai, ko da yake wasu malaman Turanci ba sa sonta, ita ce mutum ya fara yi wa ƙannensa bayanin batun da Hausa. Idan ƙanwarki ta gane har ta yi miki tambaya, to kin mallaki batun, saura kawai ki tufatar da shi da Turanci. Bayan haka ki riƙa yin jawabin da Turancin a tsaye, da murya a sarari, sau ɗaya ko biyu kowace rana har ranar ta zo, kina barin kalmomin su ɗan bambanta a kowane karo. Ki naɗi muryarki a waya ki saurara. Ba za ki ji daɗin saurarenta ba da farko, babu wanda yake jin daɗin tasa, amma a nan za ki gano inda kike haɗiye ƙarshen jimla da inda kike cika maganar da "em" da "so". Maimaitawa a zuci, a kwance a kan gado, ba ta cikin lissafi, domin harshe da huhu ne za su yi aikin, kuma su ne suke bukatar sabo.

Bushewar baki da rawar gwiwa kuwa aikin jiki ne, ba alamar kasawa ba. Idan ƙwaƙwalwa ta ɗauka cewa akwai haɗari, jiki yakan saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki, yawu ya ragu, kamar yadda yake faruwa ga wanda kare ya biyo. Jikin ba ya bambanta kare da idanun 'yan aji. Abin da ke kwantar da shi shi ne jan numfashi a hankali da sakinsa a hankali fiye da yadda aka ja shi, sau huɗu ko biyar kafin a kira sunanki, da kurɓar ruwa, da kuma tsayawa a kan ƙafafu biyu daram maimakon jingina nauyi a kan ɗaya. Idan abu ya ɓace miki a tsakiya, ki yi shiru, ki dubi takardarki, ki ci gaba daga gaɓa ta gaba. Shirun da ke a wurinki kamar shekara, a wurin masu sauraro daƙiƙa uku ne, kuma da yawa za su ɗauka da gangan kika yi. Kada ki ba da haƙuri, kada ki ce kin manta.

Batun sunkuyar da kai shi ne wanda na fi so mu tsaya a kansa, domin a nan tarbiyyarki ba ta yi kuskure ba, malaminki ma bai yi ba. A gidajenmu, yarinyar da ta ƙura wa babba ido ana kiranta marar kunya, kuma ba zan ce ki zubar da wannan ba. Amma kunyar da ake yi wa babba a zaure daban take da aikin wanda aka ɗora wa nauyin isar da saƙo. Mai jawabi yana duban jama'a ne don ya ga ko sun gane, ko sun gaji, ko na baya suna jinsa, sannan kai a sunkuye yana tura murya ƙasa ne, ba ta kai ko layi na huɗu. Ba a ce ki kafe kowa da ido ba. Ki zaɓi ƙawayenki mata uku, ki roƙe su ɗaya ta zauna a dama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a hagu can baya, ki riƙa kai dubanki daga wannan zuwa waccan, jimla ɗaya ko biyu ga kowace. Duk wanda ke ajin zai ga kamar kowa kike duba, ke kuwa ba ki dubi wanda za ki ji nauyinsa ba.

Game da baiwa, gaskiya ne wasu an ba su murya da saurin harshe, amma mutanen da muke buga misali da su a Arewa ba daga sama suka faɗo ba. Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya, ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, makarantar da ta shahara da horar da ɗalibanta a kan furta Turanci, wadda daga baya ta koma Kaduna sannan ta dawo nan Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Bayan ya gama sai ya shafe shekaru yana koyarwa a Midil ta Bauci, wato kullum yana tsaye a gaban aji, tun kafin ya tsaya a gaban duniya ranar 1 ga Oktoba, 1960. Marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, shi ma malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. Idan kika saurari jawabansu da aka naɗa za ki ji ba sa gaggawa, suna ba kowace jimla haƙƙinta, suna barin shiru ya yi nasa aikin.

Kuma wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamanmu na zaure a cikin Birnin Zazzau sun daɗe suna karantar da balaga, wadda aka bayyana ta da cewa magana ta dace da halin da ake ciki da wanda ake yi wa ita. Addu'ar Annabi Musa, alaihis salam, a Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa ta 28, da ya roƙi a buɗe masa ƙirji a warware ƙullin harshensa, ta ƙare ne da dalilin roƙon, wato domin su fahimci maganarsa. Wannan shi ne ma'aunin da za ki auna kanki da shi a mako ukun nan. Har damuwar da Bahaushe yakan yi a kan rikita "p" da "f" a Turanci da wannan ma'auni ake warware ta: ki ware kalmomin jawabinki da rikicin zai iya sauya musu ma'ana, ki gyara su ɗaya bayan ɗaya, sauran kuwa kada su hana ki barci. Ki kuma je wurin malamin kafin ranar, cikin ladabi, ki nemi ya nuna miki yadda ya kasa makin, domin galibi tsarin jawabi da kiyaye lokaci suna da nasu kason daban da na tsayuwa da duba.

TAMBAYA: Malam, ni lissafin kuɗi nake karanta. Idan an ba mu aikin rukuni nakan yi binciken da rubutun duka, in bar wani abokina mai baki ya gabatar, kuma muna samun maki mai kyau. Akwai laifi a wannan? Daga wani ɗalibi, Sabon Gari, Zariya.

AMSA: Laifi na ha'inci babu, ɗana, muddin malaminku ya amince a raba aikin haka, amma kana cutar kanka. Ranar da za ka kare kundin bincikenka na shekarar ƙarshe kai kaɗai za ka tsaya a gaban malamai, haka ranar ganawar neman aiki, haka kuma ranar da za ka yi wa masu kamfani bayanin dalilin da ya sa lissafi bai daidaita ba, kuma a duk waɗannan wurare abokinka ba ya nan. Aikin rukuni shi ne wuri mafi arha da za ka yi kuskure, saboda makin kaɗan ne kuma akwai masu rufa maka baya. A karo na gaba ka bar masa buɗewa da rufewa, kai ka karɓi gaɓar alkaluma, wadda ka fi kowa saninta, ko da ta minti biyu ce, sannan idan an zo tambayoyi ka amsa ta farko da bakinka.